Sallau, Mutumin Ƙarƙashin Mota

Masu motoci da yawa a Talata Mafara sun fi sanin muryar Sallau a kan fuskarsa. Idan ka kai motarka garejin Ɗantala, can bayan tasha, aka ce ka hau da ita kan rami, to daga ƙasa za ka ji an yi maka sallama. A tambayi gida, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, in damina ce a tambayi ruwa, duk ba ka ga mai gaisuwar ba. Sai can ka ga hannu ya ɓullo ta gefen taya yana neman a miƙo guduma. Akwai wani direban Maradun da ya daɗe yana kawo masa mota, amma ranar da suka tsaya sahu ɗaya a masallacin Juma'a bai gane shi ba sai da Sallau ya yi tari.

Gajere ne kakkaura, mai faɗin kafaɗa da tafin hannu kamar faranti. A Ruwan Gizo aka haife shi, gidan magina rijiya. Kakansa ya gina, ubansa ya gina, shi ma tun yana ɗan saurayi aka fara zura shi da igiya, da dagi a hannu. Abin da ke firgita wasu, wato ƙunci da duhu, shi ke kwantar masa da hankali. Yakan ce a ƙasa babu rana, babu ƙuda, kuma duk mai son yi maka surutu sai ya duƙa, shi ya sa ba ya tsawaitawa. Ya gina rijiyoyi a Faru, ya gina a ƙauyukan Bakura, ya gina wa Fulani a mashekari, suka biya shi da ɗan maraƙi da ya ƙi bin shi gida.

A Damri ya samo matarsa Larai. An kira shi ginin rijiya gidan mahaifinta, ita ce ke zura masa fura a ƙwarya cikin guga. Har yau in ana hira takan ce har aka kai ga ruwa ba ta san kamanninsa ba, tsakar kansa kawai ta sani, ta kuma ga ba laifi. Shi kuwa ya ce ba abin da yake gani sai inuwar kai da hasken sama a bayanta, amma ya lura kullum furar ƙara nono take yi. Rijiya ta yi ruwa mai daɗi, da kaka aka ɗaura aure.

Sannu a hankali sana'ar ta fara ja da baya. Masu hali suka koma rijiyar burtsatse, mota ta zo da injinta ta huda ƙasa ta tafi kafin maginin rijiya ya gama ɗaura igiya. Hanyoyin ƙauyuka kuma suka zama ba kullum ake bin su da kwanciyar rai ba. Sallau ya kwashi iyalinsa ya dawo Mafara, ya kama ginin salga da ramin harsashin gida da duk wani abu da ke son a tona. Ba ya ƙorafi, amma Larai ta san ransa ba ya ciki. Ramin da bai wuce ƙugu ba, in ji shi, ba rami ba ne, raini ne.

Ana nan sai Ɗantala makanike ya neme shi. Ɗantala mutum ne mai raha da ƙaton tumbi, ya gaji da kwanciya kan kwali yana tura kansa ƙarƙashin mota, ya ce yana son rami irin na manyan garejin Gusau. Sallau ya yi masa aiki na gani na faɗa. Ya daidaita bango da bulo, ya yi matakala, ya fafe 'yar alkuki a gefe don ajiye tocila da sifana. Da siminti ya bushe ya dawo duba aikinsa, ya shiga yana shara. Shi kuwa Ɗantala ɗoki ya hana shi leƙawa, ya yafito wata mota ya ce ta hau. Sallau dai sai ya ga rana ta ɓace.

"Innalillahi! Sallau, kana ciki?" in ji Ɗantala da ya hango tsintsiya tana motsi.

"Ina ciki."

"Ka ji ciwo?"

"A'a. Amma motag ga ta ji."

Ɗantala ya duƙa iyakar abin da tumbi ya yarje masa. "Mi ka gani?"

"Cikinta ya karce tun daga ƙirji har cibiya. Ga wani ɗan tulu nan ya loɓa. Ga kuma wani dogon hanji shina lilo."

Ɗantala ya yi dariya har ya zauna kan tsohuwar taya. Tulun shi ne kwanon baƙin mai, hanjin kuma salansa. Da ya gwada sauka da kansa sai ya tarar gwiwoyinsa ba sa shiri da matakala, ramin ma ya ɗan matse shi. Ya fito yana haki, ya miƙa wa Sallau burushin waya ya ce, "Tunda kana ciki, kankare min tsatsag ga in gani." Tun daga ranar Sallau bai sake ɗaukar dagi da sunan sana'a ba.

Bai zama makanike ba, bai kuma taɓa cewa ya zama ba. Inji na Ɗantala ne, walda ta mai walda ce. Nasa shi ne cikin mota in ta gurji ƙasa, kuma a yankin da hanyoyin gona suka fi na kwalta yawa, wannan ba ƙaramin fage ba ne. Mota za ta zo daga fadama da laka har wuya, sai ya wanke ta tas, don ya ce ba a duba ciwo cikin datti. Ya haska tocila, ya bi karcen da yatsa, ya shinshina ko akwai warin fetur, ya duba ko wani abu na ɗiga. In akwai ɗiga ko tsagewa, ya kira Ɗantala. In fenti ne kawai ya tafi ƙarfe ya fito fili, to aikinsa ya samu. Ya goge da burushi, ya bi da samfefa har wurin ya yi sumul, ya share da tsumma, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa. In ya sha iska ya bi da baƙin nan mai kauri kamar kwalta. Robar da ke rufe ƙarƙashin inji in ta yage, yakan huda ta da kusa mai zafi ya ɗinke da waya, ɗinki irin na ƙwarya. In wani farantin ƙarfe na ƙarƙashin mota ya lanƙwashe, ya lallashe shi da guduma har ya koma.

Ba a rana ɗaya ya iya ba. A farkon zamansa ya taɓa ganin salansar wata tasi ta yi fari fat da karce, tausayi ya kama shi, ya lafta mata baƙin fenti tun daga kai har wutsiya. Direba ya tashi mota ya nufi Bakura. Kafin ya fita gari salansa ta yi zafi, hayaƙin fenti ya turnuƙe, fasinjoji suka yi ta salati suna dirowa, wata tsohuwa ta bar kazarta a ciki. Direban ya dawo idanu jajur, Ɗantala ya ba shi haƙuri, Sallau ya wuni yana kankare abin da ya shafa. Daga nan ya san akwai wurin da ba ya son gata.

Shekaru suka tafi a haka. Yaransa suka girma, babbarsu Rumaisa ta yi aure a Maradun. Gemunsa ya yi furfura, sai dai ba a cika gani ba saboda baƙin fenti. Da azahar yakan fito ya yi alwala, ya ci abin da Larai ta aiko, ya koma. In babu mota ma a ciki yake zama, ya shimfiɗa buhu ya kunna rediyo, don ya ce ramin ya fi inuwar dalbejiya sanyi.

Abin da ya fito da shi fili, har sunansa ya zaga teburan masu shayi, shi ne kwaltar da aka zuba a layinsu. Kafin kwalta, layin ramuka ne da kwatami, ba mai bi sai mai dalili. Da ya yi santsi, sai direbobin da ke gudun cunkoson ranar kasuwa suka gano shi. Suka riƙa shararawa ta ƙofar gidajen mutane kamar an koro su. Aka take agwagin maƙwabta, aka watsar da shanyar barkono. Ranar da wata mota ta kusa kwashe Inna Ummulkhairi mai ƙosai da kaskonta, matan layin suka ce ya isa. Larai ce ta ja gaba. Suka aika wa mai unguwa, Malam Dikko, cewa ko a yi tudun rage gudu, ko su fito da turame su jera a titi.

Malam Dikko dattijo ne mai son zaman lafiya, musamman da mata. Ya tara magidanta bayan sallar la'asar, aka kawo siminti da yashi da tsakuwa. Da aka zo kan wa zai yi aikin, kowa ya juya ya dubi Sallau.

Shi kuwa Sallau abu ɗaya ya sani game da gini: in za ka yi, ka yi wanda jikoki za su tarar. Ya fasa kwalta ya tona harsashi. Ya jera duwatsu, ya kawo guntayen ƙarafa daga gareji ya ɗaure, ya zuba kankare. Da ya gama, tudun ya tashi tsaye kamar kunyar dankali, da ƙarfi irin na bakin rijiya. Abin mamaki, mutumin da ya fi kowa a garin sanin cikin mota bai tsaya ya auna ba. Amma in an duba ba laifinsa ba ne sosai. Daga cikin rami yake ganin motoci, kuma daga can kowace mota doguwa ce, sama da kansa take.

Matan layi suka yi murna, Inna Ummulkhairi ta aiko masa da ƙosai. Talata, ranar kasuwa, ta zagayo.

Da hantsi Sallau yana cikin raminsa sai ga wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka ta shigo gareji tana jan wani abu a ƙasa, ƙarar kamar ana jan kwano a kan dutse. Mai ita ta fito ta maido ƙofa da ƙarfi. Hajiya Suwaiba ce, 'yar Bakura, mai sayen shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, wurin manoman rani ta turara ta kai inji ta kawo shinkafa Mafara. Da kanta take tuƙi, kuma ba ta taɓa yarda cewa akwai buhun da motarta ba za ta ɗauka ba. Ko gaisuwa a tsaitsaye ta yi.

"Ɗantala, duba min motag ga. Wani marar tsoron Allah ya gina katanga tsakiyar titi."

Aka sauke buhuna, aka hau da mota kan rami. Sallau ya yi sallama daga ƙasa, ya tambayi gida da mutanen Bakura da hanya.

"Hanya lahiya lau, sai da na shigo garinku," in ji Hajiya. "Layin nan na bayan makaranta da anka yi ma kwalta. Ina tahiya ta a hankali sai na ji ƙuuu, har haƙorana sunka amsa."

Tocilar da ke hannun Sallau ta ɗan karkace. Layinsu ke nan.

Ɗantala ya san wanda ya yi ginin, don shi ya ba da guntayen ƙarafan. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe fuska kamar mai ta'aziyya. "Subhanallahi. Hajiya, wane irin mutum ne za ya yi wanga aiki?"

"Wanda bai taɓa shiga mota ba! Wanda jaki ma aro shikai! Wallahi in na gane shi sai ya gaya min ko kabarin kakanai ne ya gina a wurin."

"Ai kam ya kamata a bincika," in ji Ɗantala. Ya duƙa ya leƙa rami, idanunsa na ƙyalli. "Sallau, kai da ke zaune wajajen can, ko ka san mutumin?"

Daga ƙasa sai ƙarar burushi ta ƙaru.

"Sallau?"

"Robar ƙarƙashi ta yage," in ji murya daga rami. "Ƙarhe ya karce wuri biyu. Ba abin da ke ɗiga. Miƙo min waya."

Ya yi aikin nan kamar motar uwarsa ce. Ya goge, ya shafa, ya ɗinke roba, ya miƙe farantin salansa da ya lanƙwashe. Duk tsawon lokacin Hajiya na zaune kan benci tana yi wa maginin tudu addu'o'in da ba a cewa amin, Ɗantala kuwa yana ta zuwa bayan gareji wai zai duba wani abu, ana jin shi yana tuntsira dariya. Da za ta tafi ta leƙa ramin ta ce, "Kai dai Allah shi yi ma albarka, bawan Allah. Da duk mutanen garin ga irinka ne da an huta." Sallau ya amsa da amin a hankali, kai a sunkuye, bai fito ba.

Kafin la'asar wasu motocin suka biyo sahu, kowace da irin karcenta, kowane direba da irin zaginsa. Ɗantala bai iya riƙe magana ba. Kafin magariba duk tasha ta ji, aka laƙaba wa Sallau suna Mai Shuka da Girbi: ya shuka tudu a unguwa, yana girbe motoci a gareji. In ya wuce a kekensa sai a ɗaga murya, "Sallau, yaya amfanin gona?"

Abin ya dame shi ƙwarai, don shi mutum ne da ba ya son a ce ya cuci wani ko da wasa. Ya isa gida ya jingine keke, ya ɗauko tsohuwar digarsa a bayan rumbu.

"Malam, ina za ka da diga?" in ji Larai.

"In hwasa tudun can."

"Ka hwasa mi?" Ta ajiye muciya. "Yau tun sahe ko kaza ba a taka ba a layin ga. Yara sun tahi makaranta sun dawo ba wanda yab bi su da ido. Ka taɓa tudun ga, ka nemi inda za ka ci tuwo."

"Larai, motocin mutane na lalacewa."

"To su bi babban titi. Wa yak kira su?"

Ya tsaya da diga a kafaɗa, ya dubi ƙofa, ya dubi tukunya. Ya mayar da diga bayan rumbu.

Talatar da ta biyo, Hajiya Suwaiba ba ta bi ta kan tudun ba. Ta tsaya gabansa ta kashe mota, ta tambayi gidan mai unguwa. Malam Dikko ya fito, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta ce ta zo ganin wanda ya yi wannan gini. Dattijon ya ɗauka yabo ta zo yi, wataƙila ma tana son a yi mata irinsa a Bakura. Ya washe baki ya ce ai maginin nasu ne, ɗan unguwa ne, kaf ƙasar Mafara babu mai hannunsa. Ya aika a kira shi, aka yi sa'a bai riga ya fita ba.

Sallau ya fito yana gyara hula. Da ya ga motar ruwan toka sai ya so ya juya, amma ba wurin komawa. Ya matso ya russuna.

"Salamu alaikum. Hajiya, an zo lahiya? Ya mutanen Bakura? Ya hanya?"

Hajiya ta ƙura masa ido. Fuskar baƙuwa ce, amma muryar ta san ta.

"Sake magana," in ji ta.

"Ranki shi daɗe..."

"La'ilaha illallahu! Kai ne na cikin rami!" Ta riƙe haɓa. "Ina zaune bisa kanka ina zagin ka, kana ce min miƙo waya? Har da sa maka albarka!"

"Na amsa duka biyun, Hajiya," in ji Sallau.

Ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta dafa mota. Malam Dikko ya dubi wannan ya dubi wancan, bai gane komai ba, shi ma ya taya su don kada a bar shi baya.

Hayaniyar ta fito da Larai bakin zaure, da mayafi a ka da shirin yaƙi a fuska. Ta gaida Hajiya, sannan ta ce in dai maganar fasa tudu ce, a ma bar ta. Ta ba da labarin agwagi da barkono da kaskon Inna Ummulkhairi. Hajiya ta saurara, ta ce ita ma tana da jikoki kuma gidanta bakin hanya yake, ba ta ce a fasa ba. Amma akwai bambanci tsakanin a ce wa mota ta rage gudu da a farke mata ciki.

"A rage mai tsawo, a ƙara mai hwaɗi," in ji ta. "Mota ta hau a hankali ta sauka a hankali. Mai gudu kuwa za ya ji a ƙugunai."

"In anka rage, za su koma gudu," in ji Larai.

"In sunka koma, ni da kaina za ni kawo miki turmi."

Suka dubi juna, kowace ta ga irinta. Nan take aka shirya, ba a ko tambayi mai unguwa da magini ba.

Sallau ya sha wuya wajen sassabe kan tudun, don ginin nasa ne kuma bai yi shi don a fasa ba. Diga ta yi ta tsalle tana dawowa. Da ya ci ƙarfinsa, ya zuba gangara mai tsawo gaba da baya, ya shafe, ya sa aka tare layin da itace har ya bushe. Ya roƙi ragowar farin fenti a gareji ya zana masa layuka don a hango shi daga nesa.

Ranar gwaji Hajiya ta zo da mota ba kaya, don ta riga ta sauke shinkafa a kasuwa. Sallau ya ce gwaji ba kaya ba gwaji ba ne, sai an samo nauyin da ya kai na buhunanta. Hajiya ta waiga ta ga matan layi sun yi cirko-cirko a bakin zaurukansu.

"Ga kaya nan," in ji ta. "Ku shigo."

Aka yi ta noƙewa da dariya, sannan Larai ta shige gaba. Inna Ummulkhairi da wasu mata biyu masu jiki suka cika baya, motar ta zauna sosai. Sallau ya kwanta rubda ciki a gefen titi, kunci a ƙasa, ido ɗaya a rufe. Hajiya ta taho a hankali. Tayoyin gaba suka hau suka sauka, cikin mota ya wuce da tazarar da ta kai tafin hannu, na baya suka bi. Ba ƙara ko kaɗan.

"Ta wuce!" in ji Sallau daga ƙasa. Matan cikin mota suka rangaɗa guɗa.

Ya tashi yana kakkaɓe riga, yana jiran su juyo. Motar ta ɗan tsaya, Larai ta leƙo ta taga.

"Malam, a ba ni izini, za mu ɗan kewaya."

"Ina?"

"Nan kusa."

Ya ɗaga hannu, sauran matan ma suka aika wa mazansu. Motar ta sha kwana ta ɓace.

Azahar ta yi ba su dawo ba. Sallau ya ci ragowar ɗumame ya tafi gareji, amma ya kasa zama cikin rami. La'asar ta wuce. Ya koma gida ya kira wayar Larai, ya ji tana ƙara a cikin ɗaki kan gado. Ya fito bakin layi ya tsaya, mazan sauran matan suka zo suka tsaya tare da shi, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani game da hanya a wannan zamani. Rana ta yi ja sannan suka hango motar ruwan toka tana tahowa, ta hau tudu lafiya ta sauka, ta tsaya ƙofar gidan Sallau. Matan suka fito suna ta hira, kowace da ƙullin shinkafa. Ashe Bakura Hajiya ta kai su, gidanta, suka ci suka sha suka ga injin casa.

Sallau ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga wani ganye yana leƙowa daga ƙarƙashin mota. Ya durƙusa, ya kwanta, ya zura hannu. Ya jawo yaɗon dankali mai tsawo, da laka, da 'ya'ya biyu manya a jikinsa. A bayansu ga sabon karce yana ƙyalli.

"Hajiya," in ji shi daga ƙasa, "wanga ba aikin tuduna ba ne. Gonar wa kunka shiga?"

Matan suka fashe da dariya, ban da Larai da ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ta ƙanena ce, mun riga mun ba shi haƙuri," in ji Hajiya. "Akwai fili bayan injin casa, na ce ma Larai ta riƙa sitiyari ta ji yadda shike. Wallahi tana da hannu. Burki ne dai ba ta gane wurinai ba tukuna."

Sallau ya fito da kansa ya dubi matarsa. Shi da ya yi shekaru yana shafa cikin motoci bai taɓa zama a mazaunin direba ba, ko tayar da inji bai iya ba.

"Ke kinka tuƙa?"

"Kaɗan," in ji Larai. "Kunya uku kawai na hau."

Ya juya dankalin a hannunsa, ya ga ba abin da ya same su. Ya miƙa mata ya ce a dafa, ya ce wa Hajiya ta kawo motar gobe da safe kafin rana ta yi zafi, kada tsatsa ta riga shi.

Yanzu duk ranar kasuwa in Hajiya Suwaiba ta sauke shinkafa takan biyo layin ta yi ham, Larai ta fito su tafi filin bayan gari. Ta gane burki, tana kuma iya kwana in filin da faɗi. Komawa da baya ne har yau ake fama, kuma masu gonakin da ke kusa da filin sun fara kafa ƙaya a bakin iyaka.